Haƙoran injin fasa dutse: Ƙarfen da ke yanke farashin tsakuwa a Zamfara

Matafiyin da ya baro Funtuwa ya nufi Gusau ba ya rabuwa da ganin dutse. Da ya shiga Tsafe duwatsu za su tare shi dama da hagu, kafin ya isa babban birnin jihar kuma ga Dutsen Kwatarkwashi, a Ƙaramar Hukumar Bungudu, wanda ake hangowa tun daga nesa. Duk da wannan yalwa, ma'aikacin gwamnatin da ke tara kuɗin zuba kankare a ɗan gidansa, da ɗan kasuwar da ke son ɗora bene a kan shagonsa, sun san cewa tifar tsakuwa ta daina zama abin da ake saya ba tare da dogon lissafi ba.

Idan aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce tsadar man dizal da matsalar tsaro, kuma duka biyun gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ba ya fitowa a hirar majalisa, domin yana ɓoye a cikin injin da ke fasa dutsen. Shi ne ƙarfen da ke haɗuwa da dutse baki da baki, wanda ke cinyewa kowace rana, wanda kuma akasarinsa daga ƙetare ake shigo da shi da dala. Muddin ba a fahimci lissafin wannan ƙarfe ba, zai yi wuya a gane abin da ke hana farashin tsakuwa sauka, da kuma abin da ke sa wasu hanyoyin su farfashe tun kafin a gama biyan ɗan kwangila.

Ƙasar dutse da buƙatar da ta taso

Gusau da Tsafe da Bungudu suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya shimfiɗu a ƙarƙashin Funtuwa da Zariya da Kano. Giranit na daga cikinsa, kuma shi ne injiniyoyi suka fi so wajen kankare da kwalta. Da zarar an nausa arewa maso yamma zuwa Sakkwato, ƙasar takan sauya ta koma ta yashi da laka da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina. Ke nan dutsen Zamfara yana da kasuwar da ta wuce iyakar jihar.

Buƙatar ta ƙaru a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta kama aiki ranar 29 ga Mayun 2023, ta sa sabunta titunan Gusau a gaba, ta kuma ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a 2024. Gwamnatin Tarayya tana aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Funtuwa zuwa Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta ratsa Tsafe da Bungudu. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, Ministan Ayyuka David Umahi kuma bai ɓoye fifikon da yake bai wa hanyar kankare a kan ta kwalta ba. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ke shan tsakuwar shimfiɗa a ƙarƙashin ƙarafunsa.

Dukkan waɗannan ayyuka dutse suke ci. Tsakuwa da yashi su ne kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na jikin kankare, kuma kowace mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da zurfi, tana ɗaukar tsakuwa sama da tan ɗaya. A kwaltar hanya kuwa, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin dutse ne, baƙin man da ke haɗa shi ɗan kaɗan ne. Don haka duk naira ɗaya da ta hau kan tan ɗin tsakuwa takan ninku sau dubbai a kasafin aikin gwamnati, ta kuma bayyana a aljihun mai ƙaramin gini, wanda ke sayen kaya a kasuwa ɗaya da manyan 'yan kwangila.

Abin da ke cinyewa a cikin injin

Bayan an huda dutse an tayar da shi da nakiya, ana zuba manyan ɓaraguzan a injin farko, mai muƙamuƙi. Faranti biyu ne na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a kafe, ɗaya yana matsowa yana ja da baya, suna tauna dutsen har ya faɗo ta ƙasa. Wani Ba'amurke mai suna Eli Whitney Blake ne ya yi wa wannan inji rajista a 1858, bayan da aka ɗora masa aikin shimfiɗa hanya a garinsu, har yau kuma tsarin bai sauya sosai ba.

Daga nan dutsen yakan wuce inji na biyu, inda wani curin ƙarfe mai siffar malfa yake jujjuyawa a cikin kwano, yana murƙushe dutsen a jikin bango. Curin da kwanon duka suna sanye da rigar ƙarfe da ake cirewa a sauya. Akwai kuma nau'i na uku, mai bugu, wanda sandunan ƙarfe ke juyawa da gudu a cikinsa suna maka dutsen da bango. A ƙarshe rariyoyi ne ke tace kayan zuwa girma daban-daban: mai inci ɗaya, mai kwata uku, mai rabin inci, da garin dutse.

Farantan haƙora, rigunan malfa da kwano, sandunan bugu, wayar rariya, bel ɗin da ke jan kaya da tsinin da ke huda dutse, duk an ƙera su ne da sanin cewa za su ƙare. Su ne ke karɓar duka domin gangar jikin injin ta tsira. Duk wanda ya san injin niƙa a unguwa ya san wannan lissafi, domin farantinsa yakan dakushe a kai shi wasawa, har ranar da babu sauran abin wasawa. Kafin zuwan inji ma, makoɗi yana da sana'a ne saboda dutsen niƙa yana sulɓewa. Bambancin shi ne farantin injin fasa dutse yana kama daga ɗaruruwan kilo zuwa fiye da tan ɗaya, kuma ba a samunsa a shagon bakin kasuwa.

Irin dutsen ne ke yanke saurin cinyewar. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, dutsen farar ƙasa yana wajen 3, ƙarfen wuƙa yana tsakanin 5 da 6, ƙanƙarar dutse kuwa, wadda kakanni ke ƙyasta wuta da ita, tana kan 7. Giranit yana ɗauke da wannan ƙanƙara daga kashi 20 cikin 100 zuwa sama. Ma'ana, dutsen da ke kewaye da Gusau ya fi ƙarfen da ke fasa shi tauri a wasu sassansa, yana kankare shi kamar yadda magagari ke cin ƙarfe. Taurin da ya sa dutsen Zamfara ya yi kyau da hanya, shi ne kuma ya sa fasa shi ke da tsada.

Ƙarfen da duka ke ƙara wa tauri

Ba kowane ƙarfe ne ke jure wannan aiki ba. Mai tauri sosai yakan tsage idan babban dutse ya faɗo masa, mai laushi kuma yakan sulɓe cikin kwanaki. Wani maƙerin zamani a birnin Sheffield na Ingila, Robert Hadfield, shi ne ya gano mafita a 1882, lokacin da ya haɗa ƙarfe da sinadarin manganis kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100 da ɗan gawayi fiye da kashi ɗaya. Abin da ya fito yana da hali na daban: idan ana dukansa fatarsa takan ƙara tauri, cikinsa kuma ya zauna da danƙo, ba ya karyewa. A ma'aunin Brinell yakan tashi daga wajen 200 yana sabo, ya haura 500 bayan ya sha duka. A yau ana yin masu manganis kashi 18 da kashi 22 domin duwatsu masu tsananin ci.

Wannan hali yana da sharuɗɗa. Bayan an zuba ƙarfen a mazubi ya daskare, dole a sake gasa shi zuwa zafin da ya haura digiri 1,000, a tsoma shi cikin ruwa nan take. Idan aka yi ha'inci a wannan mataki, farantin zai fito da kyan gani, amma cikinsa gautsi ne. Haka kuma taurin ba ya samuwa sai da bugu mai ƙarfi. Ƙasa da yashi da garin dutse, idan suka bi kaya suka shiga injin, suna goge ƙarfen ne kawai ba tare da sun taurara shi ba. Shi ya sa kamfanin da ba ya tace ƙasa kafin ya zuba dutse, musamman da damina lokacin da laka ke manne wa kaya, yake ƙarar da farantinsa da wuri.

Wani abin lura shi ne wannan ƙarfe ba ya kama mayen ƙarfe idan yana sabo. Farantin da aka ce na manganis ne, aka ɗora masa maganaɗisu ya manne gam, akwai alamar tambaya a kansa. Gwaji ne mai sauƙi da kowane mai saye zai iya yi, ko da yake ba ya nuna ko an gasa ƙarfen yadda ya kamata.

Daga ina, kuma da wane kuɗi

Manyan masu ƙera waɗannan injuna su ne irin su Metso na ƙasar Finland da Sandvik na Suwidin, sai kuma kamfanonin Chaina da ke Shanghai da Zhengzhou, waɗanda injunansu suka cika wuraren fasa dutse a Afirka saboda sauƙin kuɗi. Kayan sauyawar kuma ana zuba su a Chaina da Indiya da Turkiyya da Afirka ta Kudu. Dillalin da ke Legas ko Abuja ko Kano da dala yake saye.

A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira ga kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ko da yake nairar ta ɗan farfaɗo daga baya, dala tana nan kusan ninki uku na farashinta na da. Farantin da kuɗinsa bai motsa ba a can inda aka zuba shi, ya ninka a Gusau. Harajin kwastam ma da farashin dala ake lissafa shi, don haka shi ma ya bi sahu.

Shi kansa manganis ɗin yana hannun ƙasashe ƙalilan, wato Afirka ta Kudu da Gabon da Ostareliya da Gana. A watan Maris na 2024 wata guguwa ta lalata tashar lodi ta wata babbar mahaƙa a tsibirin Groote Eylandt na Ostareliya, farashin manganis ya yi tashin gwauron zabo a duniya na wasu watanni. Gabon kuma ta sanar a 2025 cewa daga 2029 za ta daina fitar da ɗanyen manganis, sai wanda aka sarrafa a cikin gida. Matakai irin waɗannan, da ake ɗauka dubban kilomitoci daga Tsafe, suna isowa ta cikin takardar kuɗin dillali.

Bayan kuɗi akwai lokaci. Daga ranar da aka ba da oda zuwa ranar da kaya za su fito daga tashar Apapa ko Tin Can ko Lekki, watanni ake magana. Daga nan sai tafiyar kimanin kilomita 1,000 a tirela. Mai hankali yakan ajiye faranti na biyu tun na farko bai ƙare ba, amma ajiya tana nufin daskarar da miliyoyin naira a ƙarfen da ke kwance. A lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024, ƙaramin kamfani ba ya iya cin bashi don ya sayi abin da zai jira. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Babban ɗan kwangila mai injinsa da rumbun ajiyarsa yana ci gaba da aiki, ƙarami kuwa yakan tsaya makonni, kuma shi ne ke sayar wa jama'ar gari.

Arha ba ta ado

A irin wannan matsi, ido yakan tafi ga mai sauƙin kuɗi. Sai dai farashin faranti a shago ba ya nuna tsadarsa. Abin da ke nunawa shi ne tan nawa ya fasa kafin ya ƙare. A ɗauka, don misali kawai, faranti ɗaya naira miliyan 4 ne, ya fasa tan 40,000; kowane tan ya ci naira 100 ke nan. Wani kuma naira miliyan 3 ne, amma ya ƙare a tan 20,000; kowane tan ya ci naira 150. Wanda ya sayi na biyun yana ganin ya rage miliyan ɗaya, alhali ya ƙara rabi a kan kuɗin ƙarfensa, ga kuma tsayar da inji sau biyu maimakon sau ɗaya, ma'aikata na karɓar albashi, tifofi na jira a layi.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da rubutu: ranar da aka ɗaura faranti, awannin da injin ya yi, nauyin kayan da suka fita, da ranar da aka cire shi. Kamfanin da ba shi da sikelin auna mota, yana sayarwa da ido a kan tifa-tifa, ba zai taɓa sanin wane dillali ne ya cuce shi ba.

Akwai kuma kurakuran da ba sa buƙatar dala kafin a gyara su. Yawancin farantan haƙora an yi su ne yadda za a iya juya su sama ta koma ƙasa, domin gindin ne ke fara cinyewa. Wanda bai juya a kan kari ba ya zubar da rabin kuɗinsa. Injin mai malfa yana son a cika masa ciki da kaya daidai wa daida, idan ana ba shi kaɗan-kaɗan ko ta gefe ɗaya rigarsa takan cinye a karkace. Guntun ƙarfe da ya ɓalle daga katafila ya bi dutse yana iya fasa riga ko ya lanƙwasa sandar injin, asarar da mayen ƙarfe ko na'urar gano ƙarfe a kan bel za su hana. Sayen inji mai bugu don ya fi arha, a sa shi gaban giranit, shi ma tarko ne, domin sandunansa sun fi dacewa da dutse mai laushi irin na farar ƙasa.

Walda ma tana da nata haɗari. Idan faranti ya dakushe, akan kira mai walda ya ɗora masa sabbin haƙora. Dabara ce da ke ƙara kwanaki, amma ƙarfen manganis ba ya son zafi: idan ya daɗe a sama da digiri 300 yakan koma gautsi. Mai waldar da ya saba da ƙofa da taga, wanda bai san ana yi ana bari ya huce ba, yana iya mayar da faranti abin da zai tarwatse a tsakiyar aiki, kusa da mutane.

Abin da ke biyo baya a kan hanya da cikin ƙirji

Illar dakusasshen ƙarfe ba ta tsayawa a aljihun mai kamfani. Idan haƙora suka sulɓe, tazarar bakin injin takan buɗe, dutse ya riƙa fitowa fale-fale ko dogo-dogo maimakon ya fito a dunƙule. Irin wannan tsakuwa ba ta cusuwa da juna sosai, tana barin gurabe, tana kuma karyewa a ƙarƙashin nauyi. A kankare tana buƙatar ƙarin siminti da ruwa, a kwalta kuma tana saurin buɗe ƙofa ga ruwan sama. Ƙa'idojin aikin hanya da gada na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya sun iyakance yawan fale-falen dutsen da za a karɓa, sun kuma tanadi gwajin ƙarfinsa. Ko ana yin gwajin a kan kowane kaya, wannan ya rataya ne a wuyan injiniyan da ke sa hannu a takardar biya.

Mai ƙaramin gini ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da hannu da ido. Idan ya damƙi tsakuwa ya ga ta cika da fale-fale da gari, ko girmanta ya sha bamban da wanda ya biya, yana da hujjar mayar da ita. Bulo da kankaren da aka yi da irin wannan kaya su ne ke tsagewa bayan damina biyu, a ɗora wa birkila laifi.

Sai batun ƙura. Injin da ƙarfensa ya ƙare yakan maimaita niƙa kaya ɗaya sau da yawa, ya ƙona dizal, ya ƙara tayar da gari. Ƙurar giranit tana ɗauke da ƙanƙarar nan mai tauri, wadda idan ta zauna a huhu takan haifar da ciwon da ba ya warkewa, ta kuma buɗe hanya ga tarin fuka. Zamfara ta riga ta ga abin da niƙa dutse a bushe ke jawowa. A 2010, gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen gini ba shi da wannan guba, amma darasin ɗaya ne: a yayyafa ruwa, a nisanta inji daga gidaje, a ba ma'aikaci abin rufe hanci na gaske. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin fasa dutse da tayar da nakiya tun 2013.

Doka da tsaro

Tsarin mulkin 1999 ya bar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, dutsen gini kuma yana cikinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ce ke kula da shi, ofishin rajistar filayen haƙa da ke Abuja ne ke ba da lasisi, wanda ake sabuntawa bayan shekara biyar. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, haramcin da bai tashi ba sai a watan Disamban 2024, lokacin da Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage shi. Manufar ita ce raba 'yan bindiga da zinare, amma doka ɗaya da ma'aikata ɗaya ne ke kula da zinare da tsakuwa, kuma mai jari ba ya gina rumbun kayan gyara a inda ba ya da tabbacin gobe.

Hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau, wadda kayan ke biyowa, ta sha fama da tare matafiya da garkuwa da mutane. Direban tirela yakan ƙara kuɗi kafin ya yarda ya bi ta, makanikin da ya ƙware a irin wannan inji kuma yakan yi nazari kafin ya baro Kaduna ko Abuja. Nakiya ma ba a motsa ta sai da izini da rakiya, kuma an ƙara tsaurarawa bayan fashewar da ta auku a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairun 2024. Kowanne daga cikin waɗannan yana ƙara kwanakin da inji ke yi a tsaye.

Dokar ta 2007 ta tanadi yafe harajin kwastam a kan injuna da kayan aikin da aka shigo da su musamman don haƙa, bisa amincewar hukuma. Sai dai wanda ke shigo da kaya da sunansa, yana da lauya da wakili a Abuja, shi ne ke iya bin wannan hanya. Ƙaramin kamfanin da ke sayen faranti ɗaya a hannun dillali yana biyan harajin a cikin farashi.

Ko za a iya zuba shi a gida?

Tambayar da ke zuwa zuciya ita ce me ya hana a yi wannan ƙarfe a Najeriya. An ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar Ajaokuta a 1979, har yau masana'antar ba ta fara narka tama yadda aka tsara ba, duk da sabuwar yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Mosko a watan Satumban 2024. Amma farantin haƙora ba sai ya jira Ajaokuta ba. Abin da yake buƙata shi ne tukunyar narka ƙarfe mai aiki da lantarki, da tsohon ƙarfe, da haɗin manganis, da tanderun gashi, da ɗakin gwaji. Kamfanin Nigerian Foundries da ke Legas da Ota ya daɗe yana zuba irin waɗannan kaya ga masana'antun siminti da na fasa dutse, abin da ke nuna cewa fasahar tana nan a ƙasar.

Babban cikas shi ne wuta. Narka tan ɗaya na ƙarfe yana cin ɗaruruwan kilowat, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar narki asarar ta wuce ta kayan da ke cikin tukunya. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar masu amfani na rukunin A ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat, a watan Oktoban shekarar kuma akasarin Arewa ya kwana fiye da mako guda cikin duhu. A wannan hali, kafa masana'antar zubi a Gusau ba shi ne matakin farko ba. Kaduna da Kano, inda bututun iskar gas na Ajaokuta mai tsawon kilomita 614 ya nufa, sun fi kusa da iya ɗaukar nauyinta. Masana duwatsu sun daɗe da rubuta samuwar tama mai ɗauke da manganis a yankin Maru, amma tsakanin samuwar ma'adini a ƙasa da haɗin da ake zubawa a tukunya akwai jari da shekaru.

Abin da ke hannu yanzu shi ne tsohon farantin. Idan aka cire shi, kaso mai yawa na nauyinsa yana nan, da manganis ɗinsa a ciki. Idan ya faɗa hannun 'yan gwangwan a farashin kowane irin ƙarfe, yakan ƙare a tukunyar masu yin rodi, a yi asarar sinadarin da aka saya da dala. Najeriya ta hana fitar da tsohon ƙarfe waje. Tattara na manganis daban, a mayar wa masu zubi a karɓi ragi a kan sabo, ciniki ne da 'yan kasuwar Gusau da na Ƙofar Ruwa a Kano za su iya shiga ba tare da jiran gwamnati ba.

Matakan da ba su fi ƙarfi ba

Na farko yana hannun masu kamfanonin kansu. Injuna da yawa a yankin girmansu ɗaya ne, samfurinsu ɗaya. Idan masu su suka haɗa oda, kwantena guda za ta ishe su, su samu ragi, su kuma ajiye kayan a wuri ɗaya. Tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda aka buɗe a 2024, tana kan hanyarsu. A 2017 Bankin Masana'antu da Ma'aikatar Ma'adinai sun ware naira biliyan 5 don ƙananan masu haƙa a kan ruwa kashi 5 cikin 100. Ƙungiya mai rajista da littafin lissafi ta fi mutum ɗaya damar samun irin wannan tallafi.

Na biyu yana hannun gwamnatin jiha. Zamfara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da Jami'ar Tarayya a Gusau. Ɗakin gwaji ɗaya mai na'urar tantance haɗin ƙarfe da ta auna ƙarfin tsakuwa, tare da gajeren horo ga masu walda da masu tuƙa inji, kuɗinsa bai kai na kilomita ɗaya na sabuwar hanya ba. Amfaninsa zai koma ga Ma'aikatar Ayyuka, wadda ita ce babbar mai sayen dutse a jihar.

Na uku ya shafi ma'aikatan da ke shirya takardun kwangila da waɗanda ke duba su. Idan ɗan kwangila ya nemi ƙarin kuɗi da hujjar tashin dala, ya dace a nemi ya rarrabe: nawa ne na dizal, nawa ne na nakiya, nawa ne na ƙarfen da ya cinye, kuma a kan tan nawa. Manufar fifita kayan gida da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a watan Mayun 2025 ta ba da damar a sanya sharaɗin gwada farantin da aka zuba a Najeriya, a auna shi da na waje a kan dutse ɗaya, a bar alƙaluma su yi hukunci.

Ɗage haramcin haƙa da ayyukan hanyoyin da ke gudana sun buɗe wa dutsen Gusau da Tsafe da Bungudu kasuwar da bai taɓa samu ba. Manyan kamfanoni za su kwashe injunansu su tafi ranar da kwangila ta ƙare, kamar yadda suka saba. Waɗanda za su rage su ne ƙananan kamfanonin gida, kuma a hannunsu mai gina gida zai ci gaba da sayen tsakuwa. Ko za su kai wannan lokaci da injuna masu aiki, ya danganta ne ga ko sun fara rubuta abin da kowane faranti ya fasa, da kuma ko an samar musu inda za su sayi na gaba ba tare da jiran jirgin ruwa ba.